Akushin Ɗan Tayi Jinin Uwarsa Ne: Darasi Daga Ƙauyukan Dinder

A wannan fitowa za mu tattauna a kan wani baƙo da kowane gida ke murnar zuwansa, amma ba kasafai ake tunawa da cinsa da shansa ba sai ya iso, wato ɗan tayin da ke cikin mahaifa. Mun saba tanadin ragon suna da kayan barka da itacen wankan jego tun ciki yana wata bakwai. Abin da muke mantawa shi ne, yaron da ake yi wa wannan tanadi ya riga ya shafe watanni yana ci yana sha, kuma ba shi da wani akushi sai jinin uwarsa.

Domin bayanin ya zauna sosai, za mu ɗauki misalanmu daga 'yan'uwanmu Hausawan Sudan. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da tafiya gabas da jama'arsa, har suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar. Mahajjata masu tafiya a ƙasa da masu neman aikin auduga a gonakin Jazira suka ƙara yawan jama'ar, har ƙauyukan Hausawa suka bazu a bakin Shuɗin Nilu da kogin Dinder, suna noman dawa da riɗi da gyaɗa, suna kamun kifi. Mun zaɓi wannan yanki ne saboda a can abubuwa uku da ke rage wa ɗan tayi abincinsa sun taru a wuri ɗaya: sauro, da ƙarancin jini, da yunwar da yaƙi ya haddasa. Duk wanda ya duba da kyau zai ga cewa biyu daga cikin ukun nan suna cikin gidajenmu ma.

Mafarin halitta

Alƙur'ani mai girma ya ambaci matakan halittar ɗan Adam a Suratul Mu'minun, aya ta 12 zuwa ta 14, daga nuɗfa zuwa alaƙa zuwa mudga, sannan ƙasusuwa da naman da ke lulluɓe su. Masu ilimin likita kuwa sun ƙirga mana kwanakin. Ƙwayar maniyyin namiji takan haɗu da ƙwan mace a cikin siririyar hanyar da ta taso daga ma'ajiyar ƙwai zuwa mahaifa. Kowannensu yana kawo kuromosom 23, su zama 46, kuma a cikinsu aka rubuta kamannin da yaro zai gado daga iyayensa. Wannan ƙwaya guda, wadda da ƙyar ido zai iya ganinta, sai ta rabu biyu, biyu su zama huɗu, huɗu su zama takwas, tana gangarowa har ta isa mahaifa cikin kwana uku zuwa huɗu. A wajen kwana na 6 ko na 7 sai ta maƙale a jikin bangon mahaifa, ta fara nutsewa a cikinsa.

A wannan lokaci babu cibiya, babu komai da ya haɗa ta da jinin uwa. To me take ci? Bangon mahaifa yana da wasu ƙananan kafofi masu tsatsafo da wani ruwa mai kauri, mai ɗauke da sukari da kitse da sinadaran gina jiki, wanda masana ke kira madarar mahaifa. A 2002 Farfesa Graham Burton na Jami'ar Kambirij a Ingila, tare da abokan aikinsa, sun nuna cewa da wannan ruwa ɗan tayi ke rayuwa a mafi yawan watanni ukun farko, domin jinin uwa ba ya fara kwararowa sosai zuwa gare shi sai wajen mako na 10 zuwa na 12.

Cikin waɗannan makonni na farko ake aza harsashin jiki baki ɗaya. A wajen kwana na 22 bayan haɗuwar ƙwayoyin biyu zuciya take fara bugawa. Kafin kwana na 28, bututun da zai zama ƙwaƙwalwa da lakar gadon baya yake rufewa. Zuwa ƙarshen mako na 8, ɗan tayi bai wuce santimita 3 ba, kamar tsawon dabino, amma hannuwa da ƙafafu da yatsu da idanu da hanta da ƙoda duk sun fara bayyana. Mu lura da kyau: ranar da bututun ƙwaƙwalwa ke rufewa, mace ba ta wuce mako biyu da ɓatan wata ba. Da yawa ba su ma tabbatar suna da ciki ba, wasu kuma kunya ta hana su faɗa wa kowa.

Nan ne amfanin sinadarin folik asid yake. Idan ya yi ƙaranci a jikin uwa a waɗannan kwanaki, bututun yakan ƙi rufewa, a haifi yaro da ƙari a gadon baya da shanyewar ƙafafu, ko da ƙoƙon kai a buɗe. Wani babban gwaji da Majalisar Binciken Likitanci ta Birtaniya ta fitar da sakamakonsa a 1991 ya nuna cewa shan folik asid ya rage sake aukuwar wannan nakasa da kashi 72 cikin ɗari ga matan da suka taɓa haihuwar irin waɗannan yara. Shi ya sa likitoci ke ba matar aure shawarar ta fara shan maikurogiram 400 a kullum tun kafin ciki ya shiga. Wadda ta jira har ciki ya fito fili, to lokacin wannan rigakafi ya riga ya wuce ta.

Mabiyiya da igiyar cibiya

Daga wata na uku zuwa haihuwa, ciyarwar takan koma hannun mabiyiya, wato abin nan da ke biyo jariri bayan haihuwa, wanda a wasu garuruwa ake ce masa uwa, a wasu kuma mahaifa, kuma muke binne shi cikin mutunci. Malaman tafsiri sun lissafa ta cikin duffai uku da aka ambata a Suratuz Zumar, aya ta 6. Daga ƙwayar da yaro ya fito ita ma ta fito, saboda haka ɓangaren jikinsa ce. Lokacin haihuwa nauyinta yakan kai kimanin rabin kilo, faɗinta kuma kimanin santimita 20, kamar ƙaramin faifai.

Yadda take aiki abin mamaki ne. A cikinta akwai dubban ƙananan rassa kamar saiwoyin bishiya, kuma jinin yaro yana gudana a cikinsu. Jinin uwa kuwa yana malala a kewayensu, kamar yadda ruwan fadama ke kewaye saiwar shinkafa. A ƙarshen ciki, fiye da rabin litar jinin uwa ke ratsa wurin a kowane minti ɗaya. Jinin biyu ba sa gauraya, domin akwai siririyar fata a tsakaninsu, kuma ta cikinta ake musayar. Iskar oksijin da sukari da sinadaran gina jiki da sinadarin ƙarfe da kalsiyam suna ƙetarawa zuwa ga yaro. Gurɓatacciyar iska da dattin jikinsa kuma suna komawa ga uwa, huhunta da ƙodarta su fitar da su. Igiyar cibiya, mai tsawon santimita 50 zuwa 60, ita ce hanyar: jijiya ɗaya tana kai wa yaro jini mai abinci, biyu suna mayar da shi ga mabiyiya.

Saboda haka ɗan tayi ba ya ci da baki, ba ya numfashi da huhu. Ruwan da yake kwance a cikinsa yana kare shi daga bugu, yana kuma haɗiyarsa yana koyon haɗiya, amma abincinsa na ainihi ta cibiya yake shiga. A watanni ukun ƙarshe, lokacin da yake ƙara kimanin giram 200 a kowane mako, mabiyiya tana ƙetarar masa da garkuwar jikin uwarsa. Wannan ne dalilin yi wa mai ciki allurar rigakafin tatanas, cutar nan mai sandarar da jikin jarirai ta hanyar cibiya: allurar a hannun uwa ake yin ta, amma kariyar har ga jariri take kaiwa.

Sai dai mabiyiya ba ta iya tace kowane abu. Tsakanin 1957 da 1961 an sayar wa mata masu laulayi wani magani mai suna talidomaid a Jamus da Ingila da wasu ƙasashe, aka haifi yara fiye da 10,000 da guntayen hannuwa da ƙafafu kafin a janye shi. Gubar taba tana ƙetarawa, ko ta hayaƙin sigarin maigida ce, ko ta garin tabar da Sudanawa ke kira tumbak. Haka nan abin da ke cikin jiƙe-jiƙe da ƙwayoyin da ake saya a tire. Don haka kada mai ciki ta sha wani magani, na gargajiya ko na bature, sai ma'aikacin lafiya ya san tana da ciki kuma ya amince.

Sauro a cikin mabiyiya

Kogin Dinder daga tsaunukan Habasha yake tasowa. Yakan cika ya tumbatsa da damina, da rani kuma ya tsinke ya bar tafkuna. Ƙasar yankin baƙar laka ce mai riƙe ruwa, ga kuma magudanan ban-ruwa na Jazira da aka soma tun bayan kammala madatsar Sinnar a 1925. Duk waɗannan gidajen sauro ne, kuma zazzaɓi ya fi tsananta a ƙarshen damina da farkon kaka.

An daɗe da lura cewa zazzaɓin cizon sauro ya fi kayar da mai cikin fari, ko da ta girma a inda jikinta ya saba da shi. A 1996 wasu masana biyu, Michal Fried da Patrick Duffy, masu bincike a yammacin Kenya, suka gano dalili. Ƙwayoyin jinin da cutar ta shiga suna manne wa wani sinadari da ke jikin mabiyiya, su taru a daidai wurin da ake musayar abinci. Wurin sai ya kumbura, abincin da ke ƙetarawa ya ragu. Jikin mace yana koyon yaƙar wannan nau'i ne a hankali, ciki bayan ciki, shi ya sa amarya mai cikin fari ta fi kowa shiga haɗari. Abin tsoron shi ne, mabiyiya na iya cika da ƙwayar cutar alhali uwa ba ta jin zafin jiki sosai. Sakamakon yakan bayyana ne daga baya: ɓari, ko bakwaini, ko haihuwar jaririn da bai kai kilo biyu da rabi ba, ko uwa ta ɗashe don ƙarancin jini. Farfesa Ishag Adam, likitan mata ɗan Sudan, da abokan aikinsa sun shafe shekaru suna nazarin wannan matsala a gabashi da tsakiyar ƙasar, inda suka nuna yadda zazzaɓi da ƙarancin jini ke tafiya tare a jikin masu ciki.

Maganin wannan ba ɓoyayye ba ne. Mai ciki ta kwana cikin gidan sauro mai magani kowane dare tun daga farkon ciki. A yankunan Afirka da zazzaɓi ya yi yawa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa ba ta maganin rigakafi na SP, wanda aka fi sani da Fansidar, daga mako na 13, aƙalla sau uku, da tazarar wata guda tsakanin kowane sha, a wurin awon ciki. In kuwa zazzaɓi ya kama ta, a kai ta gwaji a ranar, kada a tsaya jiran ya sauka da kansa.

Jini da kofin shayi

Jinin mai ciki yakan ƙaru da kusan rabi, domin ya wadaci mutum biyu. Wannan aiki yana cin kimanin miligiram 1,000 na sinadarin ƙarfe daga farkon ciki zuwa ƙarshensa. Idan abinci bai kawo shi ba, mabiyiya takan ɗebo wa yaro daga ajiyar uwa har ta ƙare, daga nan su biyun su rasa. Hausawa sun ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Macen da ta shiga naƙuda da ƙarancin jini, zubar jinin da wata za ta jure ita yana iya halaka ta.

Abincin yau da kullum a ƙauyukan Dinder kisra ne da asida na dawa da miyar busasshiyar kuɓewa, kamar dai tuwonmu. Yana ƙosarwa, amma ƙarfen da ke cikin hatsi ba ya shiga jiki da sauƙi. Ga kuma al'adar da muka yi tarayya da su a kanta, ta kora abinci da shayi mai kauri, su kuma har da gahawar jabana. Shayi da gahawa suna ɗaure ƙarfen da ke cikin abinci su hana hanji tsotse shi. Gyaran mai sauƙi ne: mai ciki ta bar tazarar awa ɗaya zuwa biyu tsakanin abinci da shayi, a madadinsa ta haɗa abincin da lemun tsami ko gwaiba ko tumatir ko kwalba da nono ta garin 'ya'yan kuka, domin sinadarin bitamin C da ke cikinsu yana taimaka wa ƙarfe shiga jini. A ƙara mata kifi da nama da ƙwai da wake da riɗi da gyaɗa da ganyen zogale da lalo. Yawancin waɗannan a gonar gida ko a kogi ake samunsu, amma sau da yawa kasuwa ake kai su, ko a zuba su a kwanon maigida. A kuma yi girki da gishiri mai aidin, domin rashinsa yana kawo wa uwa maƙoƙo, yana dakushe ƙwaƙwalwar yaro tun yana ciki.

Abinci kaɗai ba kasafai yake isa ba. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kowace mai ciki ta riƙa shan ƙwayar ƙarin jini mai miligiram 30 zuwa 60 na ƙarfe, haɗe da folik asid, a kullum. Tun 2016 kuma hukumar ta ɗaga yawan zuwa awon ciki daga sau huɗu zuwa sau takwas. Akwai gidajen da ake hana mai ciki ƙwai, ko a ce ta rage ci kada yaro ya yi girma haihuwa ta yi wuya. Ƙaramin jariri shi ya fi shiga haɗari a makonninsa na farko, kuma uwar da aka hana ci ita ce ƙarfinta ke ƙarewa a tsakiyar naƙuda.

Yunwa da yaƙi

Yaƙin da ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu 2023 ya iso wannan yanki. Dakarun RSF sun kama Wad Madani a Disamba 2023, suka shiga Sinja a ƙarshen Yuni 2024, Dinder kuma a Yuli, daidai lokacin shuka. Sojojin gwamnati sun karɓe Dinder a Oktoba 2024, Sinja a Nuwamba, Wad Madani kuma a Janairu 2025. A tsakanin waɗannan watanni jama'a da yawa sun bar gidajensu da rumbunansu suka nufi Gadarif da wasu garuruwa cikin ruwa da taɓo, kuma a cikinsu akwai mata masu ciki.

Tarihi ya nuna mana cewa irin wannan yunwa ba ta ƙarewa ranar da abinci ya dawo. A ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, daga Nuwamba 1944 zuwa Mayu 1945, an toshe wa yammacin Holan hanyar abinci, har rabon mutum ɗaya ya faɗi ƙasa da kalori 1,000 a yini. Masana sun bi yaran da ke ciki a lokacin har suka manyanta. Waɗanda yunwa ta same su a ƙarshen ciki an haife su ƙanana. Waɗanda ta same su a watannin farko kuwa an haife su da nauyi daidai, amma da suka girma sun fi takwarorinsu kamuwa da ciwon zuciya da ƙiba, kuma an ga matsalar sukari a jini ta fi yawa a tsakanin duk waɗanda yunwar ta taɓa. Jikin da aka gina cikin rashi yakan tsara kansa don rashi, ya ɗauki wannan tsari har tsufa. Saboda haka yaran da aka haifa a ƙauyukan Dinder da sansanonin gudun hijira a 2024 da 2025 suna bukatar kulawa ta musamman, kuma duk mai aika taimako ga 'yan'uwa a can ya kamata ya sa masu ciki da masu shayarwa a sahun gaba.

Abin da ya rataya a wuyanmu

Shari'a ba ta bar wannan nauyi a kan mace ita kaɗai ba. Suratuɗ Ɗalaƙ, aya ta 6, ta wajabta ciyar da mai ciki har ta haihu ko da an sake ta, balle wadda ke ɗakinta. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid, wanda ake karantawa a zaurukanmu, ya bayyana cewa mai cikin da ta ji tsoron cutuwar abin da ke cikinta za ta ajiye azumi, kuma abin da ya shahara a mazhabar Malikiyya shi ne ta rama bayan ta samu lafiya. Kada wani ya kunyata ta a kan sauƙin da Allah Ya yi mata. Wadda ke da ƙarancin jini ko ciwon sukari ko hawan jini, ta nemi shawarar likita tun kafin watan ya kama.

Ga maigida muna cewa: ciyar da ɗanka ya fara tun ranar da ya shiga ciki. Ka sayi gidan sauro kafin ragon suna, ka ba da izinin awo da kuɗin mota tun watan farko da aka ga ɓatan wata. Idan ƙauyenku irin na Dinder ne, inda laka ke yanke hanya da damina, ka shirya tun da wuri inda za ta sauka kusa da asibiti in watanta ya kama. Ga uwar miji da kishiya da sauran matan gida: ku rage mata daka da ɗiban ruwa, ku lura da amarya mai cikin fari wadda kunya ke hana ta magana. Zubar jini, ko ciwon kai mai tsanani da dishi-dishin gani, ko kumburin fuska da hannuwa, ko zazzaɓi, ko raguwar motsin yaro, kowane ɗaya daga cikinsu dalili ne na tafiya asibiti nan take. Ga ungozoma kuma: idan jariri ya faɗo lafiya yana numfashi, a dakata minti ɗaya zuwa uku kafin a ɗaure cibiya a yanke da sabuwar reza, domin sauran jinin da ke cikin mabiyiya ya gangara jikinsa ya zame masa guzurin ƙarfe na watannin farko. Sannan a sa shi a nono cikin awa ɗaya, kada a zubar da dakashi, domin shi ke ci gaba da ba shi garkuwar da mabiyiya ta fara.

Muna roƙon Allah Ya sauki masu ciki lafiya, Ya raya mana zuriya a kan tafarkin alheri, Ya kawo wa 'yan'uwanmu na Sudan zaman lafiya mai ɗorewa. Sai mun sake saduwa a fitowa ta gaba, in Allah Ya yarda. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.